Tambayoyi da Amsoshi a Kan Shayi: Ganye Ɗaya, Hannu Dubu

A unguwar da na tashi, idan aka cire ladan, babu wanda yake riga mai shayi buɗe ido. Kafin a sallame sallar asuba ya hura gawayi, ya ɗora tukunya, ya jera burodi da gwangwanayen madara a kan tebur. Shekara da shekaru muna zama a bencinsa, amma da za a tambaye mu inda ganyen nan yake tsirowa, da babu mai amsa a cikinmu. Abin ya daɗe yana damuna, domin abin da mutum yake kai wa bakinsa safe da yamma ya cancanci ya san asalinsa. Ga tambayoyin da na fi jin ana yi, da amsoshinsu.

Wai shayi itace ne ko ciyawa?

Itace ne, kuma ganyensa ba ya zuba rani da damina. Masana tsirrai suna kiransa Camellia sinensis. Idan aka bar shi ya yi yadda yake so, yakan wuce mita 10 a tsawo, amma a gona ana daddatse shi daidai ƙugun mutum domin hannu ya kai kuma ya riƙa fitar da sabon toho. Yana son ruwan sama mai yawa, da ƙasa mai ɗan tsami wadda ba ta riƙe ruwa, da sanyin kan tudu. Sai ya yi kamar shekara 3 kafin a fara tsinkarsa, daga nan kuma yana iya yin shekaru da dama yana bayarwa.

Ba kowane ganye ake tsinka ba. Shayi mai kyau daga kan reshe yake fitowa: toho ɗaya da ganye biyu na ƙarƙashinsa. Sai an tsinki ɗanyen ganye kilo 4 zuwa 5 kafin a samu kilo 1 na busasshe. A yawancin ƙasashe mata ne suke wannan aiki, da kwando a bayansu, tun da sassafe cikin raɓa.

To baƙin shayi da koren shayi ba itatuwa biyu ba ne?

A'a, itace ɗaya ne. Turawa ma sun daɗe suna wannan zato. Bambancin yana wajen sarrafawa, kuma duk mai cin goro ya san sirrin ko da bai san ya sani ba. Ka ɓare farin goro ka gutsura, ka ajiye ragowar, jim kaɗan za ka ga wurin ya yi ja, ya koma duhu. Iska ce ta taɓa ruwan cikinsa. Haka ganyen shayi yake. Idan aka bar shi ya yi yaushi, aka murje shi har ruwansa ya fito, aka baza shi iska ta yi aikinta, sai ya rine, ɗanɗanonsa ya yi ƙarfi. Wannan shi ne baƙin shayi. Idan kuwa ana tsinkowa aka yi maza aka ba shi zafi, ko a turara shi kamar yadda mutanen Japan suke yi, ko a juya shi a busasshen kasko kamar yadda Sinawa suke yi, to an kashe abin da yake sa shi rinewa, sai ya zauna a korensa.

Tsakanin waɗannan biyu akwai wanda ake kira ulong, wanda ake barin iska ta yi rabin aiki. Akwai farin shayi, wanda toho da ƙananan ganye ne ake shanyawa ba tare da murza ba. Akwai kuma fu'ar na lardin Yunnan, wanda ake dannewa kamar ƙuli a ajiye shi shekaru yana ƙara nuna. Sinawa ba sa cewa baƙin shayi, jan shayi suke cewa, domin launin ruwan suke dubawa. Mutanen Sudan ma haka, shayi ahmar suke kiransa.

Zoɓo, citta, na'a-na'a da sauransu fa, su ma shayi ne?

A bakinmu duk abin da aka dafa aka sha da zafi shayi ne, har da ruwan Milo da madara da ko ƙwayar ganye babu a ciki. Babu laifi a wannan. Sai dai idan ana maganar lafiya ko kasuwanci, shayi na ainihi shi ne wanda ya fito daga wancan itacen. Zoɓo, citta, kanumfari, kirfa da na'a-na'a tsirrai ne daban, kuma babu sinadarin da yake hana barci a cikinsu. Shi ya sa wanda likita ya hana shayi yake iya shan dafaffiyar citta, muddin ba a jefa ganyen shayi a ciki ba.

A ina aka fara shan shayi?

A ƙasar Sin. Asalin itacen daga tsaunukan kudu maso yammacin ƙasar ne, wajen Yunnan, zuwa arewacin Myanmar da yankin Assam na Indiya. Sinawa suna da tatsuniyar wani sarki mai suna Shennong, wanda suka ce ganye ya faɗa masa cikin tafasasshen ruwa a shekara ta 2737 kafin haihuwar Annabi Isa. Wannan labarin kaka da kakanni ne. Abin da aka gani da ido shi ne ragowar ganyen shayi da aka tono a kabarin Sarki Jing na daular Han, wanda ya mutu a shekara ta 141 kafin haihuwar Annabi Isa. Ke nan fiye da shekara 2,100 ana amfani da shi.

Da farko magani aka ɗauke shi, ana dafa shi da wasu kayan haɗi kamar miya. A zamanin daular Tang ne ya zama abin shan kowa, har wani masani mai suna Lu Yu ya rubuta littafi sukutum a kansa wajen shekara ta 760, ya yi bayanin noma, da sarrafawa, da irin ruwan da ya dace. A lokacin dunƙula shi ake yi kamar tubali domin ya jure tafiya. Fatake suna ɗaukar tubalan nan su haura duwatsu zuwa Tibet su musanya su da dawakai, har tubalin shayi ya zama kamar kuɗi, yadda kantun gishirin Bilma ya taɓa zama a kasuwanninmu. A 1391 wani sarkin daular Ming ya ba da umarni a daina kawo masa dunƙulalle, a kawo warwarar ganye. Jiƙa ganye a buta da muke yi yau daga wancan zamani ya bunƙasa.

Japan kuwa malaman addinin Buda ne suka kai shi. Ɗaya daga cikinsu, Eisai, ya komo daga Sin da iri a 1191. Su ne suka riƙe tsohuwar hanyar niƙa koren ganye ya zama gari a kaɗa shi cikin ruwa, abin da ake kira maca.

Daga ina muka samo kalmar shayi?

Daga Larabci, shay. Larabawa kuma sun samo ta ne ta hannun Farisawa, su kuma daga kalmar Sinanci ca. Abin sha'awa shi ne, kusan duk duniya sunaye biyu ne kawai, kuma sunan yana faɗa maka hanyar da ganyen ya biyo. Inda ya biyo ayarin fatake ta tudu, sunan ya fito daga ca: cai a Indiya da Rasha da Turkiyya, shay a ƙasashen Larabawa, cai a Swahili, shayi a Hausa. Inda ya biyo jirgin ruwan Turawan Holan kuwa, daga te ya fito, domin haka mutanen gaɓar lardin Fujian suke kiransa, kuma da su Holan suka yi ciniki. Daga nan aka samu ti na Ingilishi da te na Faransanci. Mu da muke tsakiyar hanya mun karɓi duka biyun: shayi daga Larabawa, ti daga Ingilishi. Atai da ake ji a bakin mutanen Sahara da ataya ta Senegal kuwa daga Maroko suka gangaro.

Yaya aka yi Ingila ta shahara da shayi alhali ba ta noma shi?

Turawan Holan ne suka fara shigo da shi Turai wajen 1610. A Ingila ya samu shiga fada ne bayan Sarki Charles na Biyu ya auri Catherine, 'yar sarautar Fotugal, a 1662, ita kuma ma'abuciyar shayi ce. Matan manya suka yi koyi da ita. A lokacin tsadarsa ta kai a kulle shi cikin ɗan akwati, uwargida ta riƙe mabuɗin.

Gwamnati ta ga hanyar kuɗi, ta yi ta lafta masa haraji har ya kai kashi 119 cikin 100. Fasa-ƙwauri ya yawaita, algus ma haka, ana gauraya shi da ganyen wasu itatuwa. A 1784 aka zaftare harajin zuwa kashi 12 da rabi, shayi ya sauko hannun talaka. Sai kuma ya haɗu da sukari mai araha, wanda bayin da aka kwasa daga Afirka suke nomawa a tsibiran Karebiyan. Ma'aikacin masana'anta da ba shi da lokacin girki sai ya sha shayi mai zaƙi da burodi ya koma bakin aiki. Duk lokacin da ake yabon al'adar shan shayin Ingila, ina son a tuna cewa zaƙin kofin nan gumin kakannin baƙar fata ne.

Gaskiya ne an taɓa yaƙi saboda shayi?

Gaskiya ne, kuma ba sau ɗaya ba. A ranar 16 ga Disamba 1773, mutanen birnin Boston na Amurka, wadda a lokacin take ƙarƙashin mulkin Ingila, da suka gaji da harajin da majalisar Landan take ɗora musu ba tare da suna da wakili a cikinta ba, suka hau jiragen ruwa 3 suka zubar da akwatin shayi 342 a teku. Ingila ta mayar da martani da tsanani, rikici ya yi ta ruruwa, yaƙi ya ɓarke a 1775, Amurka ta ayyana 'yancinta a 1776.

Na biyun ya fi muni. Sinawa ba su da bukatar kayan Ingila, azurfa kawai suke karɓa a kan shayinsu. Da azurfar Ingila ta fara ƙarewa, sai 'yan kasuwarta suka koma shigar da ofiyom, wata ƙwaya mai sa maye da ake nomawa a Indiya, su sayar a Sin, su sayi shayi da kuɗin. Mutane masu ɗimbin yawa suka kamu da shaye-shaye. A 1839 wani jami'in sarki mai suna Lin Zexu ya ƙwace akwati sama da 20,000 ya lalata. Ingila ta aiko da jiragen yaƙi, ta ci Sin, ta karɓe tsibirin Hong Kong a yarjejeniyar 1842. Sai a 1997 yankin ya koma hannun Sin.

Indiya fa, ba can ne gidan shayi ba?

Yanzu kam haka ne, amma abin bai daɗe sosai ba. A Assam akwai wani jinsin itacen mai faɗin ganye da ƙabilar Singpho suka daɗe suna amfani da shi. A 1823 wani Bature mai suna Robert Bruce ya samu labarinsa daga wurinsu, kuma a 1839 aka yi gwanjon shayin Assam na farko a Landan. Kamfanin Ingila mai mulkin Indiya yana son ya karya ƙarfin Sin a kasuwa, sai ya aika wani masanin tsirrai, Robert Fortune, a 1848. Ya yi shigar Sinawa, ya kutsa yankunan da aka hana baƙi shiga, ya fito da iri da dashe da ƙwararrun masu sarrafawa. Gandayen shayi suka bazu a Assam da tsaunukan Darjeeling. Ma'aikatan Assam kuwa an kwaso su ne daga wasu sassan Indiya bisa yarjejeniyar da ba ta da nisa da bauta, kuma jikokinsu na nan a gandayen har yau, da yawansu cikin talauci.

Su Indiyawa da kansu sai a ƙarni na 20 suka rungumi shan sa, bayan an yi ta tallata shi a tashoshin jirgin ƙasa da masana'antu. Da suka karɓa sai suka juya shi yadda suke so: a tafasa shi da madara da sukari da citta da sauran kayan ƙamshi. Wanda ya saba da shayinmu mai kayan yaji ba zai ji baƙunta a bakin titin Mumbai ba.

Siri Lanka gahawa take nomawa da, har wata cutar tsatsa ta bayyana a 1869 ta cinye gonakin. Shayi ne ya maye gurbin. Ƙasar ta sauya suna daga Silon a 1972, amma shayinta har yau da tsohon sunan ake sayar da shi.

Wace ƙasa ce ta fi noma shi, wace ce kuma ta fi sha?

Duniya tana samar da sama da tan miliyan 6 a shekara. Sin ce kan gaba, kusan rabi nata ne, sai Indiya, sai Kenya. Sin da Indiya suna shanye mafi yawan abin da suka noma a gida. Pakistan kuma tana sahun gaba a masu saye daga waje.

Idan aka raba da yawan jama'a, Turkiyya ce ta fi kowa, mutum ɗaya yana shan kimanin kilo 3 na busasshen ganye a shekara. Suna noma nasu a Rize, bakin Baƙin Teku, inda aka buɗe masana'anta ta farko a 1947. Bayanta ana yawan lissafa Ireland da Birtaniya. Gaba ɗaya dai, idan aka cire ruwa, babu abin da 'yan Adam suke sha kamar shayi. A 2019 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Mayu na kowace shekara a matsayin ranar shayi ta duniya.

Ana noman shayi a Afirka? A Najeriya fa?

Ƙwarai kuwa, kuma da wuya a ce ba ka taɓa shan na Afirka ba. An fara dasa shi a Kenya a 1903 a Limuru, ya zama babban kasuwanci daga shekarun 1920, musamman a tuddan Kericho. Da yake ƙasar tana kan tsakiyar duniya, ana tsinka duk shekara. Kenya tana cikin manyan masu fitar da baƙin shayi a duniya, kuma gwanjon Mombasa ne yake tara shayin gabashin Afirka, na Uganda da Ruwanda da Burundi da Tanzaniya. Abin da ya fi burge ni a tsarin Kenya shi ne, ƙananan manoma fiye da rabin miliyan ne suke riƙe da kaso mafi girma, kowa da 'yar gonarsa, suna kai ganye masana'antun da suke da hannun jari a ciki. Malawi ma tsohuwar hannu ce, a yankin Mulanje. A Kamaru akwai gandaye a Ndu da Tole da Djuttitsa.

A Najeriya, tsaunin Mambila ne a jihar Taraba, ƙaramar hukumar Sardauna. Tsayinsa da sanyinsa da ruwan samansa sun dace da itacen. A Kakara akwai gandu da masana'antar da take fitar da Highland Tea, da ƙananan manoma a kewaye. Abin da ake samu bai kai ko kusa da bukatar ƙasar ba, shi ya sa mafi yawan ganyen da yake teburin mai shayi daga waje yake zuwa. Ni dai ina ganin asara ce ƙasa mai wuri irin Mambila ta zauna tana sayen abin da take iya shukawa.

Shayin Buzaye da ake dafawa a 'yar buta, wane iri ne?

Koren shayi ne daga Sin. Wani a murɗe yake ƙwaya-ƙwaya kamar albarushi, wani dogo-dogo a lanƙwashe, kuma masu saye suna gane daraja da lambobin jikin kwali irin su 4011 da 41022. Al'adar ta kafu a Maroko, ta bi ayarin raƙuma ta ratsa Sahara a ƙarni na 19 da na 20, har ta zama abin da Buzu ba ya tafiya babu shi.

Na koyi kallon dafa shi ne a wurin wani dattijon Buzu mai gadi a layinmu. Bayan isha'i zai zauna a tabarma, ya jawo ɗan murhun waya da gawayi bai fi cikin tafi ba. Ya zuba ganye cikin finjali guda a 'yar shuɗiyar buta, ya ɗauraye shi da ruwan zafi ya zubar, sannan ya ƙara ruwa ya ɗora. Ba ya gaggawa. Idan ya tafasa ya sa sukari, sai ya ɗaga butar sama ya sako siririn ruwa cikin finjali, ya mayar, ya sake, har kumfa ta tsaya a saman kowane kofi. Na farko yana da ɗaci da ƙarfi har ka ji shi a ka. Ya ƙara ruwa da sukari a kan ganyen nan, na biyu ya fito da sauƙi. Na uku kuwa zaƙi ne da ƙamshi, shi ake miƙa wa yara. Kafin a gama zagaye ukun an ci awa guda, an yi gaisuwa, an ji labarin gida da na dabbobi. Idan ka sha na farko ka miƙe, zai ce maka, "Zauna, ɗana, ai ba a gama ba."

A Nijar wannan butar ce take riƙe fada, wato dandalin samari a Yamai da Damagaram da Maraɗi, kamar yadda bencin mai shayi yake riƙe majalisa a Kano.

Yaya sauran mutanen duniya suke shan nasu?

Kowa da hannunsa. A Tibet ana kaɗa shi da man shanun dutse da gishiri saboda tsananin sanyi. A Mongoliya madara da gishiri. A Kashmir akwai wani mai launin ruwan hoda, shi ma da gishiri. Mutumin Iran yakan sa ƙwayar sukari a baki ya kurɓi shayin ta kanta. Rashawa suna da samoba, wata babbar tukunyar ƙarfe mai famfo da take riƙe zafi yini guda. Turkawa suna ɗora buta kan buta, su zuba a ɗan gilashi mai siririn ƙugu. A Myanmar har cin ganyen ake yi, a tsuma shi a yi kwaɗo. Amurkawa sun fi shan sa da ƙanƙara. A Taiwan, cikin shekarun 1980, aka ƙirƙiro mai madara da ƙwallayen garin rogo a ƙasan kofi, wanda yanzu ya cika biranen duniya. A Khartum kuwa mata ne masu shayi, kowace da kujerunta a gindin bishiya da kwalaben kayan ƙamshi a jere.

Mene ne a cikin ɗan ƙunshin takarda da muke kira Lipton?

Baƙin shayi ne da inji ya farfasa, ya yayyaga, ya dunƙule ƙanana. An ƙirƙiro wannan hanya a Assam a farkon shekarun 1930. Da yake ɓarɓashi ne, yana sakin launi da ƙarfi nan da nan, kuma yana jure madara. Ba shara ba ce kamar yadda wasu suke cewa, amma ƙamshinsa bai kai na cikakken ganye ba, kuma yawanci gauraye ne daga ƙasashe da yawa domin ɗanɗanon ya zauna iri ɗaya kullum. Sunan kuwa na Thomas Lipton ne, wani mai kanti daga Glasgow da ya sayi gandaye a Silon a 1890 ya riƙa sayar da shayi a ƙunshe da araha.

Me ya sa yake hana wasu barci?

Saboda sinadarin kafeyin, wanda shi ne a cikin goro da gahawa. Kofin baƙin shayi yana ɗauke da kimanin miligiram 40 zuwa 50, wato wajen rabin na gahawa. Jiki yana ɗaukar kamar awa 5 kafin ya rage rabinsa, don haka kofin bayan magariba yana nan a jini har tsakar dare. Na Buzaye, duk da kore ne kuma finjalin ƙarami, yana da ƙarfi sosai saboda yawan ganye da daɗewa a wuta. Ga babba mai lafiya, ana ba da shawarar kada ya wuce miligiram 400 a yini. Mai juna biyu kuwa an fi so ta tsaya ƙasa da 200, kuma ta lissafa har da goro da lemon kwalba mai kafeyin.

Ana cewa shayi ruwa ne. Yana kashe ƙishi kuwa?

Yana kashewa. Kofi biyu ko uku suna shiga lissafin ruwan da jiki ya samu. Mai ƙarfi sosai yana ɗan ƙara fitsari, shi ya sa a sahur ya fi kyau a sha mara ƙarfi, a bi shi da ruwa.

Yana da illa ga lafiya?

Ganyen kansa, idan an sha daidai, abu ne mai kyau. Illar tana zuwa ne ta hanyoyi uku. Ta farko, sinadarin da yake ba shi ɗan bauri yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci irin su wake da ganye da hatsi, kuma da wannan sinadari jiki yake haɗa jini. Mai ƙarancin jini, da mai ciki, da ƙaramin yaro, ya kamata su bar kamar awa guda tsakanin abinci da shayi. Ta biyu zafi ne. A 2016 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya abin sha da ya wuce digiri 65 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo ciwon dajin hanyar abinci. Sheƙa shayi daga kofi zuwa kofi da mai shayi yake yi yana da amfani, a bar shi ya yi.

Ta uku ita ce ta fi damuna, domin ita ce tamu: sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce kimanin giram 50 a yini, wato ƙaramin cokali 12, kuma rabin haka ya fi. Yanzu ka lissafa kofi ɗaya mai kauri: cokali 4 ko 5 na sukari, ga madara mai zaƙi, ga Bournvita, ga burodi. Wanda yake yin haka safe da dare ya wuce iyaka kafin ya taɓa wani abinci. Na ga dattawan da ciwon sukari ya raba da shayi gaba ɗaya, alhali da an rage tun da wuri da ba a kai nan ba. A rage rabin cokali duk mako, harshe yana sabawa.

Koren shayi yana rage tumbi?

Tasirinsa a kan nauyin jiki kaɗan ne ƙwarai, bai kai yadda masu talla suke zuzutawa ba. A yi hattara da abin da ake sayarwa da sunan shayin rage ƙiba, domin da yawa ganyen dangin filasko ne a ciki, mai sa gudawa. Ruwan jiki ne yake fita, kitse yana nan, kuma yawan shan sa yana lalata aikin hanji.

Wace hanya ce ta fi dacewa a dafa shi?

Idan za a sha shi ba madara, baƙin shayi yana son ruwan da ya tafasa yanzu, a zuba a kan ganye a rufe minti 3 zuwa 5. Kore ba ya son tafasasshen ruwa, a bar ruwan ya huce zuwa digiri 70 ko 80, a jiƙa minti 2 zuwa 3, in ba haka ba ɗaci zai danne ƙamshin. Ƙaramin cokali ɗaya ya ishi kofi ɗaya. Mai kayan ƙamshi kuwa, a fara tafasa citta da kanumfari da kirfa su saki jiki, sannan a jefa ganyen daga ƙarshe. Na'a-na'a sai an sauke.

Ganyen shayi yana lalacewa?

Ba ya ruɓewa idan a bushe yake, amma yana salancewa. Iska, danshi, hasken rana da wari su ne abokan gabarsa, domin yana zuƙe ƙamshin duk abin da yake kusa da shi. Baƙi yana iya kai shekara 2 a rufe, kore kuwa gara a shanye shi cikin watanni. A zuba shi a gwangwani mai murfi, a ajiye nesa da murhu, nesa da daddawa da sabulu da turaren wuta. Da damina a riƙa duba shi, idan ya yi laushi a hannu ko ya fara warin fumfuna, a zubar.